Jinjina Ga Mai Kamfanin Jima, Masoyin Kogin Challawa

Allah ya ja zamanin mai kamfanin jima, toron giwa, uban gidan fata da ƙirgi, bajimin da ya dubi ruwan Challawa garau kamar na kowa, ya ce wannan bai dace da martabar Kano ba. Kogunan wasu garuruwa launi ɗaya gare su tun fil azal. Namu kuwa, albarkacin bututunka, da safe shuɗi-shuɗi, da la'asar baƙi ƙirin, ga kumfa ta yi masa lulluɓi. Marinan Ƙofar Mata sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rina tufafi, amma ba a taɓa samun wanda ya rina kogi sukutum ba sai kai.

Majeman da, bayin Allah masu ƙaramin buri, bagaruwa suke dakawa su jiƙa fata, su zauna jiran kwanaki. Kai kuwa ka zo da sinadarin kuromiyom mai gama aiki cikin hanzari. Fatar jan akuya ta haye Italiya da Sifaniya ta zama jaka da takalmi, ragowar sinadarin kuma ba ka yarda Bature ya ci moriyarsa ba, ka bar wa 'yan gida kyauta. Wannan shi ne kishin ƙasa.

Mahassada na yaɗa cewa ba ka da injin tace gurɓataccen ruwa. Ƙarya suke yi, ranka ya daɗe. Yana nan a bayan masana'anta, fentinsa sabo ful, ko ƙura ba a bari ta hau shi. Tattali ne ya sa ba ka kunna shi sai ranar da manyan baƙi masu duba aiki za su zo, domin kowa ya san injin na shan dizal, dizal kuma hayaƙi ne, hayaƙi kuwa ɓata muhalli yake yi. Wa ya kai ka zurfin tunani? Kunyarka ma abin koyi ce, shi ya sa sai dare ya raba kake buɗe bututu, don kada ka tayar wa jama'a hankali. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, an fitar da dokar masana'antun fata a 2009, ka karɓe ta hannu bibbiyu, ka adana ta inda ko yatsa ba zai taɓa ta ba. Ran 5 ga Yuni kuwa, ranar muhalli ta duniya, ga ka da koriyar hula kana dasa bishiya a bakin ƙofa, masu hoto na ta ɗauka.

Takwarorinka na Sharaɗa sun riƙe rafin Salanta, na Bompai sun riƙe rafin Getsi, daga nan sai Jakara har madatsar Wasai, babu mai ha'inci a cikinku. Manomin rani na ban ruwan latas da kabeji da abin da kuka sako, ba a taɓa cajinsa ko sisi ba. Masunta, da ke ta wahalar jan koma, yanzu kun hutar da su. Ƙamshin kuwa ya isa alama, ko makaho ya doshi Panshekara ya san ya iso.

Saboda haka muna roƙon masu naɗi da su dubi wannan hidima, su ɗaura masa rawanin Sarkin Ruwa. Ranar bikin kuma a ɗebo na bakin bututunsa a cika masa ƙwarya, shi zai fara sha.