Mil Bakwai Daga Sito

A watan Satumba na 1854 rundunonin Ingila da Faransa suka sauka a Kirimiya, bakin Bahar Aswad, don su taya Turkiyya yaƙi da Rasha. A lissafin manya, aiki ne na 'yan makonni: a ci birnin Sebastopol, a rusa tashar jiragen yaƙin Rasha, a kama hanyar gida kafin hunturu. Da wannan lissafi aka sauke sojojin Ingila, aka ce ma su bar jakunkunansu a jirgi, za a biyo su da su. Sebastopol kuwa sai da ta shekara kafin ta faɗi.

An kafa sansani a kan wani tudu mai faɗi, babu bishiyar kirki, babu abin da ke tare iska. Duk abin da soja zai ci ko ya sa, ta ƙaramar tashar Balaklaba yake shigowa, kuma tsakaninta da tantuna bai wuce mil bakwai ba. Bayan gumurzun da aka yi da Rashawa ranar 25 ga Oktoba, hanyar da ta fi kyau ta koma ƙarƙashin bakin igwar Rasha, aka bar su da wata burtali da ke hawa tudu. An yi maganar gyara ta, aka ce babu ma'aikata. Ruwan Nuwamba ya sauko, burtali ta zama taɓo mai kama ƙafa har gwiwa.

Albashin farabiti sule ɗaya ne a yini, a ciki kuma ake cire kuɗin abincinsa. Da magariba yakan ɗauki bindiga da bargo ya gangara ramukan da aka haƙa suna fuskantar ganuwar birni. Nan zai kwana, ƙafa cikin ruwan sanyi, kunne yana wajen Rashawa, don da dare suke fitowa. Mutane sun yi kaɗan, aiki bai ragu ba, saboda haka wanda ya kwana a rami jiya yakan sake kwana yau. Idan barci ya sace shi a bakin aiki, akwai bulala.

Gari na wayewa zai hau tudu ya koma tanti. Tantin na yoyo, ƙasansa laka ne, mutum goma sha wani abu ke kwanciya a ciki, kowa da jiƙaƙƙen bargonsa. Da yawa ba sa cire takalmi, domin ƙafar da ta kumbura in ta fita ba ta komawa. Riga ɗaya ce a jiki tun ranar sauka, ƙwarƙwata ta yi gida a cikinta.

Rabonsa na yini busasshen biskit ne, da naman da aka adana cikin gishiri, da ɗan sukari, da gahawa. Gahawar ɗanya ce, ƙwaya kore shar, ba a soya ba balle a niƙa. Ofishin da ke sayen kaya yana da hujja: ɗanyar ƙwaya ta fi jure tafiyar teku. To, kafin mutum ya kurɓi ruwan zafi sai ya sami itace, kuma bisa ƙa'ida sojan da ke fagen fama shi ke nema wa kansa makamashi. Da 'yan itatuwan tudun suka ƙare, aka koma tonon saiwa cikin daskararriyar ƙasa. Wanda ya dace da wuta ya soya ƙwayar a murfin kwanonsa, ya daka ta da dunƙulen harsashin igwa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ya watsar da ita a ƙofar tanti, ya ci namansa ɗanye, ya kwanta.

Ranar 14 ga Nuwamba aka yi guguwar da ta kwashe tantuna har da na marasa lafiya. A bakin Balaklaba jirage suka yi ta bugun duwatsu suna nutsewa. Cikinsu akwai wani sabon jirgi mai suna Prince, ɗauke da dubban rigunan sanyi da takalma. Ya kwana da yawa yana jira a waje kafin guguwar, ba a sauke kayan ba. Abincin dawakai mai yawa shi ma ya bi ruwa a wannan rana. Wannan ƙaddara ce, kuma an daɗe ana ambatonta duk lokacin da aka yi tambaya.

Amma wasu jiragen sun ci gaba da isowa, sito a Balaklaba bai taɓa zama wayam ba. Akwai shinkafa, sai dai ba ta cikin jerin abin da ƙa'ida ta ce a raba. An kawo jirgi guda na kayan lambu, aka rasa wanda zai sa hannu ya karɓa, ya ruɓe, aka zubar a teku. A daidai lokacin, rashin ɗanyen abinci ya sa dasashin sojoji yana kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, mutum ba ya iya tauna biskit sai ya jiƙa. Maganin wannan ciwo sananne ne tun da daɗewa a wurin sojan ruwan Ingila: ruwan lemon tsami. Akwatunansa sun iso a watan Disamba. Ba a fara rabawa ba sai Fabrairu, domin ba aikin kowa ba ne ya faɗa wa wani cewa sun iso. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Akawunan sito ba miyagu ba ne. Kowannensu ya san cewa abin da ya fitar babu takarda a albashinsa za a cire, shi kuwa soja in ya mutu ba a cire wa kowa komai.

Dawakai da alfadarai da ke jan kaya suka rame, har suna cin jela da gezar juna, suna faɗuwa a hanya. Da suka ƙare, sai sojan da ya kwana a rami ya zama shi ne alfadarin: ya gangara Balaklaba, ya saɓo buhun biskit ko harsashi, ya hau tudu, tafiyar da kan cinye yini guda. A watan Janairu na 1855 marasa lafiya sun fi masu iya tsayuwa yawa. Wata bataliya, mai lamba 63, an wayi gari mutum bakwai ne kacal suka iya fitowa aiki.

Wanda ya kwanta, ana ɗora shi a jirgi zuwa asibitin Iskutari, daura da Istanbul. Babban likitan runduna, Dakta John Hall, ya riga ya rubuta cewa asibitin yana cikin kyakkyawan hali. Da Florence Nightingale ta iso da nas 38 a watan Nuwamba na 1854, ta tarar da mutane jere a ƙasa, ginin kuma a kan toshasshiyar magudanar ƙazanta yake. Masu duba tsafta da suka zo daga baya sun ciro mushen doki daga hanyar ruwan sha. Cikin sojojin Ingila sama da 20,000 da suka mutu a wannan yaƙi, kusan kashi uku cikin huɗu cuta ce ta kashe su. Matar farabiti ba ta da fansho a wurin gwamnati, sai abin da asusun taimako ya ba ta.

A wancan zamani, a sojan Ingila, da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa. Lord Cardigan, kwamandan wani sashe na rundunar barade, ya sami izinin kwana a jirgin shaƙatawarsa da ke tashar Balaklaba, da kukunsa Bafaranshe. A watan Disamba ya koma gida saboda rashin lafiya, aka tarye shi da kiɗa, aka naɗa shi babban sufeton barade. Wasu hafsoshin suka nemi hutu, wai wata lalura ta gaggawa ta taso a gida, aka ba su. Babban kwamanda, Lord Raglan, yana zaune a wani gidan gona, yana rubuta wasiƙu har tsakar dare, sojoji ba safai suke ganinsa ba. A watan Nuwamba na 1854 aka ƙara masa girma zuwa fil mashal.

Wakilin jaridar The Times, William Howard Russell, shi ya riƙa rubuta abin da idonsa ya gani. Hedikwata ta kai kuka Landan cewa rubutunsa yana taimakon abokan gaba. Bayan sanyi ya wuce, mai ɗaukar hoto Roger Fenton ya zo ya ɗauki hotuna ɗaruruwa, yawanci na hafsoshi cikin shiga mai kyau. Babu gawa ko ɗaya a cikinsu.

Duk da haka magana ta fasu. A ƙarshen Janairu na 1855 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar yin bincike, gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi. 'Yan kwangila suka zo suka shimfiɗa layin dogo daga tashar zuwa tudu cikin kusan mako bakwai, a hanyar nan da aka ce babu ma'aikatan gyara ta. Aka aika Sir John McNeill da Kanar Alexander Tulloch su bincika, suka bi sito-sito suna ƙirga abin da ke ajiye da ranar da ya iso, suka ambaci sunayen manyan da abin ya ratsa ta hannunsu.

Manyan suka ce an ɓata musu suna. Sai a 1856 aka zaunar da janar bakwai a unguwar Chelsea ta Landan don su duba rahoton da aka rubuta a kan 'yan uwansu janar-janar. Suka saurari kowa a tsanake, suka wanke kowa. Dakta Hall ma a wannan shekara ya sami lambar girma. Abin da kwamiti ya gano shi ne, baitulmali bai aiko da isasshen ingirici a kan lokaci ba. Da an sami ingirici da dawakai sun rayu, da dawakai sun rayu da kaya sun hau tudu. Haka aka rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi, kuma har yau ba a ji ingirici ya ɗaukaka ƙara ba.