Jinjina ga Mai Girma Sai Gobe

Ranka ya daɗe, Sai Gobe, uban masu hutawa. Babu sarkin da ya kai ka yawan talakawa, ga shi ba ka da dogari ko ɗaya.

Masu cewa mabiyanka malalata ne ƙazafi suke yi. A dubi ɗalibin da jarrabawar JAMB ta rage masa mako biyu: zai share ɗaki, ya wanke takalmi, ya goge rigar da ba zai sa ba, ya kai ƙarfe biyun dare a TikTok, duk don kada ya buɗe littafin lissafi. Kai ka gane abin da malamansa suka kasa ganewa. Tsoro ne ke cinsa, tsoron ya buɗe ya tarar bai iya ba. Da ya ce "sai gobe" sai ƙirjinsa ya yi sanyi nan take, kuma zuciya ba ta manta wanda ya sanyaya ta, shi ya sa gobe ma kai zai nema. Wahalar kuwa ka jibga ta a kan wani bawan Allah, wato shi ɗin nan dai bayan mako biyu.

Wa zai manta bajintarka a Disambar 2020, da gwamnati ta ba da wa'adin haɗa lambar NIN da layin waya? Hukumar NIMC ta yi shekaru tana rajista, mutanenka na gida suna hutawa. Sai ga su tun asuba a ƙofar ofis, ƙirji da baya, ana tsakiyar korona. Aka yi ta ƙara wa'adi, kowane ƙari kana samun sababbin almajirai, har Afrilun 2022 aka toshe wa miliyoyin layuka kira. Madalla da wannan riƙon amana.

Ka ma iya aron rigar malamai. Kai ka mayar da "in sha Allahu" hanyar zillewa, ka koya mana cewa wani jinkirin alheri ne, ka ɓoye mana cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Sai dai ka yi hattara da maƙiya. Akwai masu yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, su ce shafi ɗaya kawai za su karanta. Akwai masu ɗaure aiki da lokaci, su ce da an idar da La'asar za su zauna, su kai wayar wani ɗaki su rufe. Mafi haɗari su ne masu faɗa wa aboki ranar da za su gama, don kunya ta kore su. Waɗannan sun gano sirrinka, cewa minti biyar da farawa tsoron ya ragu.

Amma suna da sauran aiki kafin su kamo ka. Ga baiwar Allah ta ji ƙullutu a nono, ka lallashe ta sai bayan Sallah. Sallah ta wuce, ka ce sai an sayar da amfanin gona. Maigidan ma ka ba shi haƙuri, rai ya kwanta a gidan wata da watanni. Ranar da aka kai ta asibiti a kwance bayan mota, likita ya duba ya ce da an zo da wuri aiki ɗaya ya isa, yanzu ciwon ya bazu.