Zuwa ga Eminem na Zurmi

Ɗan Gwaggo, bawana, labari ya iso Kaura cewa ka sake suna. Wai yanzu in yaro ya kira ka da sunan da aka raɗa maka ranar da aka yanka ragon babana, sai ka yi kamar ba ka ji ba, har sai ya ce Slim. Slim, da wannan tumbin? Masu zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis sun ce sun gan ka gindin rumfar mai tura finafinai a waya, hula ta juya baya, kana ciniki a cika maka memori da finafinan mawaƙan Amurka, ko ɗaya babu fassarar Hausa.

Na san wanda ya fi kama ka. 8 Mile ne na 2002, inda Eminem ya fito yaron unguwar talakawa a Ditiroyit, yana aikin masana'anta da rana, da dare ya shiga fagen gasar baki. A karon ƙarshe sai ya riga abokin karawarsa: ya zayyana talaucinsa, da gidan da yake zaune da uwarsa, da dukan da ya sha, sannan ya miƙa wa wancan makirfo. Wancan ya riƙe, ya rasa ta cewa. Dabara ce mai kyau, ban musa ba, kuma waƙar fim ɗin ta ci kyautar Oska. To in kai za ka bi wannan hanya ka fara tona wa kanka asiri, sai mun ɗauko tabarma, don daga bashin mai shayi zuwa zancen auren da ka yi ta ɗagawa, ba za ka gama kafin Asuba ba.

Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda kake ba yara labarin Straight Outta Compton na 2015, tarihin ƙungiyar N.W.A, kana rantsuwa ba a taɓa yin mawaƙan da suka yi wa 'yan ta-kife waƙa ba tsoro sai su. Kai da aka haifa a Zurmi! Kassu Zurmi fa? Mutumin da ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, har ɓarayi ya kira da sunansu, muryarsa kamar ana jan sarƙa. Ka tashi ka tambayi tsofaffin unguwarku yadda fage yake komawa in ya fara kirari, maza na ciro wuƙaƙe suna gwadawa a jikinsu. In kuma zambo kake so, ga Tubali nan ƙasar Shinkafi, garin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu. Shi ba ya kama suna. Zai siffanta magabcin ubangidansa a gaban fada cike, kowa ya gane wanda ake nufi, mai abin ma ya gane, amma ba shi da bakin kai ƙara. Narambaɗa mai waƙar Bakandamiya bai taɓa buƙatar ashar ba.

Inda Amurkawan suka fi mu, kyamara ce, kuma nan ba wasa nake ba. Jay-Z ya ce ya yi ritaya, ya cika Madison Square Garden a 2003, aka ɗauki wasan aka fitar da shi da sunan Fade to Black, ya kuma dawo da sabon faifai a 2006 ba kunya. Ritayar ma sai da ya sayar. Ice Cube na N.W.A kuwa ɗansa na cikinsa ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin ƙungiyarsu. Mu namu, abin da ya rage a hannun yawancinmu murya ce a tsohon kaset mai shuu, sai abin da malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka bi suka rubuta. Yadda 'yan amshi ke tsayuwa, yadda makaɗi ke juya kotso a hammata, yadda sarki ke murmushi in zambo ya faɗa wa wani, duk sai dai a ba ka labari. Ga ka da waya mai ido uku a baya, ga dattawan da suka ga Kassu da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma fuskarka kake ɗauka kana lanƙwasa yatsu.

Sai batun 50 Cent da harsashi taran da ya sha, da kake ta yi wa mutane lissafi. Wannan ka rage shi. A Zurmi da Shinkafi ƙarar bindiga ba abin kallo a fim ba ce, kowa ya san gidan da ta shiga. Kuma ni shaida ne, ranar da tayar babbar mota ta fashe kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura, takalminka ɗaya a hannun mai rake muka karɓo shi.

An ce kana neman wanda zai kai ka wurin Nomiis Gee a saka ka a shirin H Hip Hop na Arewa24. Allah ya ba da sa'a. Kafin nan ka zo Kaura ka share ƙofar gidan ubangidanka, kuɗin shararka na bana yana nan na ajiye. In kuma fim ɗin tarihinka ya tashi, ni zan fito a mai shayi, don na san adadin bashin har da na burodi.