Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Uwargida Matiris

Daga ɗaliban lissafi na Tajaye da Malbaza da Birnin Konni.

Ana roƙon Uwargida ta karɓi wannan laƙabi, domin sunan da masanin Ingila James Sylvester ya raɗa mata a shekarar 1850 kalmar Latin ce mai nufin mahaifa, kuma mai irin wannan suna ba a kiranta gatsau. Dalilin wasiƙar shi ne firgicin da take jefa ɗaliban da suka ci bak suka tafi jami'a a Tawa ko Yamai, inda take tarbar su da Faransanci, a lulluɓe tsakanin baka biyu, alhali idan aka yaye lulluɓin ba a samun komai sai jadawali, wato lambobin da aka jera a layuka na kwance da ginshiƙai na tsaye.

Ɗan kasuwar da ke kai kaya Konni da Illela ya daɗe da saninta ko da bai taɓa jin sunanta ba. Idan ya ware layi ɗaya ga kowane gari, ya kuma ware ginshiƙi ɗaya ga albasar Galmi, ɗaya ga gero, ɗaya ga simintin Malbaza, to ya rubuta matiris mai layi 2 da ginshiƙi 3. Tara irin waɗannan jadawalai ba ya da wuya, muddin girmansu ɗaya, kowane gida da takwaransa ake haɗawa. Ninkawa ce ke da ladabi na musamman, domin a nan layi ne ke auren ginshiƙi: a ce layin Konni ya nuna buhu 3 na albasa, 2 na gero, 10 na siminti, ginshiƙin farashi kuma ya nuna jaka 10 da 20 da 5, sai a ninka kowane adadi da farashinsa a tara, a sami jaka 120, kuɗin kayan Konni ke nan. Shi ya sa take ƙin auren in ba yawan ginshiƙan matiris ta farko ya yi daidai da yawan layukan ta biyu ba, kuma a wannan sharaɗi gaskiya tana wajenta.

Ƙorafi na farko ya shafi gaba da baya. Tun firamare aka koya wa yaro cewa 3 sau 4 da 4 sau 3 abu guda ne, sai ga Uwargida ta zo ta ce a gidanta ninka ta farko da ta biyu daban, ninka ta biyu da ta farko daban, dokar da Arthur Cayley ya bayyana a rubutunsa na 1858. Hujjarta ita ce matiris aiki ce da ake yi wa abu, kuma duk mai daka ta san surfe kafin niƙa ba ɗaya ba ne da niƙa kafin surfe. An karɓi hujjar, sai dai da an faɗe ta haka tun farko da jarrabawa ba ta kayar da mutane da yawa ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma da kunya ake ɗago shi, domin batun kishiya ne. Kishiyar matiris ita ce wadda ke warware duk abin da ta ƙulla, kuma da ita ake gano farashin da aka ɓoye. Amma mai layuka da ginshiƙai daidai wa daida ce kaɗai ke iya samunta, ita ma sai in determinan ɗinta, wato lamba guda da ake tatsowa daga gidajenta, bai zama sifiri ba. Sifirin nan yana bayyana ne idan wani shaida ya ce buhun albasa da na gero jaka 30 ne, na biyu kuma ya ce buhu bibbiyu jaka 60, wanda maimaici ne kawai, ba zai fitar da farashin ko ɗaya ba.

Game da asali kuwa, bai kamata Uwargida ta riƙa yi wa mutanen Adar da Konni yanga da Turai ba. Mutanen Sin sun jera sanduna a kan wannan tsari suna warware lissafi kimanin shekara 2000 da suka wuce, sannan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hatimi, jadawalin nan mai kusurwa huɗu da jimillar kowane layi da ginshiƙi ke zama ɗaya, kamar 15 a hatimi mai gida tara. Ba a ce shi ya haife ta ba, amma dangin juna ne.

Saboda haka ana roƙon Uwargida, a darasi na farko, ta sauko da buhu da jaka kafin ta ɗauko haruffan Girka, ta kuma yarda a gabatar da ita da Hausa ko da na minti goma ne.

Wassalam.