Sannunku da Ƙoƙari, Iyayen Ƙasa

Ranku ya daɗe, manyan ƙasa, na jiya da na yau, masu babbar riga da masu kaki, na Yamai da na Abuja. Kun daɗe kuna bin mutanen Madawa da Buza da Keita bashin godiya, yau kuwa za a biya. Tun ranar 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, babu taron da ya wuce ku, babu takardar da kuka ƙi sa wa hannu. Kuma saboda tsananin tausayi, ba ku taɓa wahalar da manomin Adar da tambayar ra'ayinsa ba. Kun bar masa aiki mai sauƙi, wato biyan kuɗin abin da kuka yanke.

Wanda yake so ya san girman baiwarku, ya dubi wahalar da Amurkawa suka sha bayan nasu ƴancin. A 1794 John Jay ya ƙullo musu yarjejeniyar ciniki da Ingila, sai ƙasa ta ɗauki zafi. Cikin manyansu, Hamilton na cewa arziki na wajen Ingila, Jefferson na cewa amana na wajen Faransa, jaridu na ta caccaka, talakawa na ƙona mutum-mutumin Jay a titi, majalisar dattawa ta amince da ƙyar. Mutanen nan ba waliyyai ba ne, da yawansu bayi suke da su a gonakinsu. Amma sun bar gardama ta yi ta cin lokacinsu, har a 1801 ƴan adawa su Jefferson suka hau mulki ta hanyar ƙuri'a. Ina dalilin wannan ɓata lokaci?

Ku kam kun hutar da mu. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Djibo Bakary ya ce a ce wa Faransa a'a, gwamnan mulkin mallaka Colombani ya tsaya tsayin daka har aka ce e. A 1959, tun ƴanci bai iso ba, aka haramta Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary. Daga nan siyasa ta zama abin sha'awa: a 1965 da 1970 Diori Hamani shi kaɗai ya tsaya takarar shugaban ƙasa, kuma cikin ikon Allah ya ci. Tsoho a Keita ba ya buƙatar ya yi ta tunanin wanda zai zaɓa. An riga an ɗauke masa wannan nauyi, saura haraji da jangali.

Ga kuma iya ciniki. A Afrilun 1961 kuka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar tsaro wadda ta ba Faransa fifiko wajen sayen ma'adinai masu muhimmanci, har da yuraniyom. Wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Madawa yake da irin wannan karamci, ya yi wa mai saye ɗaya alkawarin hajarsa tun bai haƙo ta ba? Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, fitilun Faransa suka amfana, motocin dakonsa suka riƙa ratsa jihar Tawa zuwa tashar ruwa ta Kwatano, ƙauyukan Buza da yawa kuwa har yau da cocila ake neman akuya da dare. Gyaɗa kuma kuka kafa mata kamfanin SONARA a 1962, gwamnati ta yanke farashi, manomi ya kawo, don kada ciniki ya gajiyar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma kun tsara abin da doka da hatimi.

Babu mai musun cewa sunan Nijar ya fito a duniya. A 1968 Yamai ta karɓi zaman sulhu kan yaƙin Biyafara. A ranar 20 ga Maris 1970 a Yamai aka haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Jirage na sauka, ana ta jawabi. A waɗannan shekarun ne ruwan sama ya ɗauke ƙafa, fari ya kama daga 1968 har 1974, shanu suka zube, rumbuna suka bushe, iyalai suka bar tuddan Adar suka nufi kudu da ƙafa. Kun nuna dattako, ba ku bari kukan yunwa ya shiga zauren taro ya ba baƙi kunya ba. Sojojin da suka kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974 sun ce an karkatar da hatsin agaji. Wataƙila ajiya aka yi wa talaka, don kada ya cinye lokaci guda.

Amma babbar gwanintarku tana kan iyaka. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layin da ya raba Nijar da Nijeriya a 1890, suka gyara a 1898, suka sake matsar da shi a 1904 da 1906 don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Layin ya raba Gobir: Sabon Birni can, Tsibiri da Madawa nan, kaka ɗaya, harshe ɗaya, aure ɗaya. A 1964 a Alƙahira kuka yi alkawarin riƙe wannan gado yadda kuka same shi, kuma cikin duk alkawuran da kuka ɗauka, wannan ne ba ku taɓa saɓawa ba. A 1975 kuka kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas, a 1979 kuka rubuta cewa mutane su yi zirga-zirga babu shamaki. Takarda mai kyau ƙwarai. Direban da ya ɗauko albasa daga Madawa zuwa Akara ko Abijan yana iya karanta ta a kowane shinge, yayin da yake ƙirga wa masu shingen na goro.

Jefferson ma ya gwada rufe ƙofa. A Disamba 1807 ya hana jiragen ruwan Amurka fita ciniki don ya hora Ingila da Faransa, sai ya ga ƴan kasuwarsa ne ke durƙushewa, kafin ya sauka a Maris 1809 aka soke dokar. Rashin juriya ke nan. Ku ba ku san ja da baya ba. A 1984, shekarar da fari ya sake dawowa, gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986, mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Shugabanni nawa ne suka samu irin wannan karramawa? A Agustan 2019 aka sake rufewa har Disamba 2020. Ranar 30 ga Yuli 2023, bayan juyin mulkin Yamai, CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, don a hukunta sojoji. Hukuncin ya isa inda ya saba isa: ga mai lambu a fadamar Tarka wanda ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, ga matar da ke jiran aiken ɗanta ɗan cirani, ga majinyacin da magani ya yi wa tsada. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hukumomin Yamai suka ce su ma ba a fi su iya rufe ƙofa ba, suka bar gadar Gaya, hanyar zuwa Kwatano, a toshe. Albasa dai ba ta jiran a gama shawarwari, ruɓewa take yi.

Ku yafe wa mutanen nan wani laifi guda, sun ƙi mutuwa. A kwarin Magiya na Buza, tun 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, manoma suka dasa layuka na dogon yaro don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A Keita, daga 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tudu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa, ladansu abinci, mazansu na cirani. Ƙasar da ta zama fako ta sake ba da gero. Sun yi wannan babu jan kafet, babu taron ƙoli, kuma ba su san cewa aikin raya ƙasa sai da liyafa yake karɓuwa ba.

To, iyayen ƙasa, yabo ya ƙare, ga magana. Wanda ya rufe iyaka bai taɓa kwana da yunwa saboda rufewar ba, shi ya sa hannunsa ba ya rawa wajen sa hannu. Mutanen Madawa da Buza da Keita ba sadaka suke roƙo ba. Hanya suke so a buɗe, a rage shingaye, a bar farashi ya zama abin da mai kaya ke da baki a cikinsa. Kafin a ƙulla ko a kwance wata yarjejeniya da sunansu, a kira ƙungiyoyin manoman albasa da direbobi da matan da suka farfaɗo da ƙasar Keita, a zaunar da su, a ji ta bakinsu. In kuna da rigima da takwarorinku, ku yi ta da dukiyarku da kujerunku. Shekara sittin da ɗoriya talakan Adar yana biyan kuɗin faɗan da ba shi ya tayar ba, kuma Allah zai tambayi kowane mai hatimi game da wannan.