Kura, Akuya da Maigida

Wasu ma'aurata Jamusawa, Inka da Markus Brand, sun fito da wani wasa mai suna Exit a 2016. Ɗan akwati ne cike da katuna. A ƙaddara an kulle ku a ɗaki, kuma ba fita sai kun kwance ƙulle-ƙullen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba mai cin wani: ko ku fita tare, ko ku kwana ciki tare. A 2017 wasan ya ci ɗaya daga manyan kyaututtukan wasanni na Jamus.

A Gidan Sori ba sai an sayi akwati ba. In gero ya shiga rumbu, sanyi ya sauko, aka sallace isha'i, tabarma da wasa ƙwaƙwalwa sun wadatar. Ga mutum a bakin gulbi da kura da akuya da damin harawa, jirgi kuma ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. Tsallakawa 7 ce ke kai su gaci lafiya. Sai dai kafin a kai ta bakwai, halin kowa ya gama fitowa fili.

Malam Na-sani shi ne kan gaba. Gwanin dara ne, ya saba da ramuka 30 da 'ya'ya 12 da abokin karawar da za a kunyata a gindin bedi, don haka batun a haɗa kai a yi nasara tare bai taɓa shiga kansa ba. "Ke dai saurara," in ji shi, ya ɗauki tsinke ya zana gulbi a ƙasa. Kura ta cinye akuya. Ya share, ya sake. Akuya ta cinye harawa. Ya ce fitila ce ba ta da haske. A akwatin Jamusawa kowane ƙulli yana da katunan taimako 3. Da za a ba Malam su, zama zai yi a kansu har asuba.

Matarsa kuwa ta gano amsa tun yana neman tsinke. Kara ce ta hana ta faɗa. Sai ta dubi garwashi ta ce a hankali, "Malam, ko dai akuyar nan dawowa za a yi da ita?" Ya ce, "Haba! Wa ya taɓa kai kaya ya dawo da su?" Jim kaɗan ya buga cinya: "Na gano! Dawo da akuya za a yi." Ta ce, "Kai, Malam, Allah ya ƙara basira." Ko murmushi ba ta yi ba. Ni a ganina irin wannan mata ya kamata a riƙa turawa sulhu tsakanin manoma da makiyaya.

Akwai mai tone-tone, wadda kalma guda ta ishe ta. "Af, tunda aka ambaci akuya, Baban Yara, ina kuɗin tawa da ka kai kasuwar Gidan Rumji bara?" Daga nan wasa ya tashi, an buɗe shari'a, kuma kurar da ake nufi yanzu tana zaune a kan tabarma.

Sai mai gardama da tambayar kanta. Shi bai ƙi amsa ba, labarin ne bai yarda da shi ba. Wane mai hankali ne zai shiga jirgi da kura? Sayo ta ya yi ko gado ya ci? Kuma wane gulbi ne wannan, alhali Gulbin Maraɗi da rani da ƙafa ake ƙetare shi? In matar ta ce, "Misali ne fa," sai ya ce misali ma yana son gaskiya.

Mai saurin ba da gari ba ta da wannan ciwon kai. An dawo kacici-kacici, ba a rufe baki ba ta ce, "Na ba ka Tibiri." Na biyu, "Na ba ka Cadakori." Kafin shayi ya tafasa ta raba ƙasar Gobir kaf. Matsalar ita ce in Allah ya haɗa ta da miji mai tsada, wanda ba ya karɓar ƙauye, sai Maraɗi, in ya ga dama ma sai Makka.

Mai tattali ita ce ba za ta taɓa shiri da Exit ba, domin a wasan ana yanka kati, a lanƙwasa, a yi rubutu a kai, kuma sau ɗaya tak ake yin sa. Abin da aka saya da kuɗi a sa masa almakashi? Sai dai a kwana a kulle. Mai barci ba shi da dogon bayani: ya ce zai rufe ido ya yi tunani, kiran assalatu ya tashe shi.

Wadda Jamusawa ba su yi lissafi da ita ba ita ce kishiya. Kwanan ba nata ba ne, ɗakinta a rufe, an ɗauka ta yi barci. Ana tsakiyar kai-kawo, amarya na shirin nuna basira, sai a ji murya ta bayan zana, wai da ɗanta take: "Kai, Auta, kwanta! Ko kai ka san akuya ake fara ƙetarewa da ita." Wasa ya mutu, amarya ta kumbura, maigida ya shiga tarin ƙarya. Mai mata biyu, in kana son yin wasan nan cikin kwanciyar hankali, ka bari sai daren da ɗaya ta tafi biki Tibiri.