Canja Ƙwan Fitilar Hazo: Shawara Kyauta ga Mai Mota a Mile 12

Da farko ka duƙa ka tabbatar motarka tana da fitilar hazo. Ba zolaya ba ce. Motoci da yawa da ke fakawa a bakin kasuwa rami biyu kawai suka rage musu a ƙasan bamba, fitilun kuwa danfo ya yi gaba da su tun bara a gosulon Ketu. In ka ga gilashi, Alhamdu lillahi, mu je zuwa.

Sai zaɓen wuri. Kada ka kwanta kusa da inda ake sauke tumatir, sai dai in kana son Hajiya ta tambaye ka wa ya sare ka a baya. Nemi busasshen wuri, ka ari kwali wajen mai shayi ka shimfiɗa. Kashe mota, ka bar ƙwan ya huce. Karya sitiyari har ƙarshe don taya ta ba ka hanya, ka ɓalle robar da ta rufe bayan bamba, ka zura hannu. Murɗa ƙwan hagu kaɗan zai fito, sannan ka danna harshen soket ka zare.

Kafin ka kai nan jama'a sun taru. Ɗan dako zai ce batir ne. Mai albasa zai ce ƙaninsa ya taɓa yin irin wannan a Sakkwato motar ta kama da wuta. Kada ka yi musu da kowa. Zaɓi wanda ya fi surutu ka ba shi riƙon tocin waya, sai ka samu lafiya.

Tsohon ƙwan nan ka jefa shi aljihu, da shi za ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo. A gindinsa akwai lamba: H11, ko H8, ko H16, ko 9006, ko H3 in motar ta girmi ɗanka na fari. Toyota da Honda da yawa H11 suke ɗauka, mai wat 55. In ka je hannu rabbana, yaron shago zai kira ka Alhaji sau uku, ya rantse duk ɗaya ne, ya miƙo maka wanda ya fi daɗewa a kanta. Kuma biyu za ka saya, domin tare aka ɗaura su, na biyun ma yana hanya.

In irin na da ka sayo, mai halojin, kada yatsanka ya taɓa gilashin, balle in yanzu ka gama da tsire. Maiƙon hannu yana sa wurin ya fi ko'ina zafi, ƙwan ya mutu da ƙuruciyarsa. Ta gindi ake riƙe shi.

Masu son ci gaba kuwa LED suke sawa. Ba ya cin wuta sosai, yana kuma daɗewa in na kirki ne. In ka jona bai kama ba, juya soket ɗin, wasu ta fuska ɗaya kaɗai suke karɓar wuta. In har yanzu shiru, duba fis kafin ka fara tsine wa mai shago. Ni dai rawaya nake ba da shawara: ta fi sauƙi ga ido a ruwan Yuni da Yuli, da hazon hunturu a hanyar Ibadan. Farin nan mai shuɗi-shuɗi na samari ne.

Saiti shi ne inda ake raba gari da jama'a. Fitilar hazo ƙasa take kallo, domin hazo yana maido da hasken da aka ɗaga cikin idon mai shi. Tsaya gaban bango da dare, ka saita hasken kada ya wuce gwiwa. In kuma burinka ka kashe idon direban tirelar da ya kwana biyu a hanya daga Kano, to ka tuna shi ma yana da nasa fitilun jere a goshin mota, kuma ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

In duk abin ya gagara, akwai rewaya a bakin titi. Kai masa ƙwan da sukurorin da suka yi saura, kuma kada ka yarda ka ce kai ka kwance, kuɗin aiki ninkawa yake yi.